Laraba a Richmond: John biyu, gona biyu

Yau ba ni da lacca, don haka tsohuwar da nake haya a gidanta ta samu abin da take so. Tun farkon zangon karatu take roƙona in raka ta babban ɗakin karatu na jihar Virginia da ke titin Broad, saboda idonta ya yi rauni, rubutun akawun kotu na zamanin mulkin Ingila kuwa ko mai lafiyar ido sai ya ji jiki. Iya nake ce mata, ta saba har tana amsawa.

Damuwarta kan wani kakan kakanninta ne mai suna John. A jerin zuri'ar da wani ɗan'uwanta ya zuba a intanet, wannan John ɗin ya yi ta haihuwa sama da shekara hamsin, sannan ya shiga yaƙin neman 'yancin Amurka na 1775 zuwa 1783 a shekarun da ya kamata a ce yana dogara sanda. Da jin haka ka san takwarori ne aka cusa cikin riga ɗaya. Sai dai raba su ba wasa ba ne. Virginia ba ta fara rajistar haihuwa da mutuwa ta jiha ba sai 1853, ƙidayarta ta 1790 ta ɓace, littattafan coci da yawa sun salwanta. Abin da ya rage shi ne takardun cinikin gona, don mutanen nan ko me za su yi sakaci da shi, ban da ƙasa.

Iya ta taki sa'a, domin mutanenta 'yan gundumar Orange ne. Da 'yan Hanover ko New Kent ne da sai haƙuri, takardunsu da yawa sun ƙone a gobarar Richmond ta Afrilun 1865. Amma sai mun bi gonar gunduma uku: an yanko Orange daga Spotsylvania a 1734, aka kuma yanko Culpeper daga Orange a 1749. Mutum yana zaune a gonarsa bai gusa ko taku ɗaya ba, takardunsa suna kotu uku.

Na zauna gaban na'urar duba fim ɗin da aka ɗauki hotunan tsofaffin littattafan kotu a kai ina murzawa, ina karanta mata a hankali. Iyakar gona a wancan zamanin da bishiya da rafi ake kwatanta ta: a fara daga wata bishiya da safiyo ya sassare da gatari a bakin ruwa, a yi arewa sanda kaza, a tarar da iyakar wane, a juyo. Kowace sanda ƙafa 16 da rabi ce. Karatun da gundura, amma a nan amsar take. John ɗaya gonarsa tana kudu da kogin Rapidan, maƙwabtansa na iyaka da shaidunsa kusan mutane ɗaya ne a kowace takarda. Ɗayan yana tsallaken kogin, ɓangaren da ya koma Culpeper, da nasa maƙwabtan daban.

Sai sa hannu. Na kudu yana rubuta sunansa. Na arewa alama yake yi, kamar dai yadda tsofaffinmu ke dangwala yatsa, kuma akawun da ya kwafi takardar cikin littafin kotu ya kwaikwayi alamar. Ban ɗauki wannan hujja mai ƙarfi ba ita kaɗai, don mai iya rubutu ma tsufa ko ciwo kan sa shi komawa alama. Abin da ya yanke magana shi ne matan. A dokarsu mace tana da haƙƙin cin moriyar sulusin gonar mijinta idan ya rasu, saboda haka in zai sayar sai a keɓe ta ba ya wurin, a tambaye ta ko ta yafe haƙƙinta da son ranta, a rubuta sunanta. Muka sami ciniki biyu kusan lokaci ɗaya, kowanne da matar John, sunayen daban, kuma matar farko ta sake bayyana a wata takardar bayan ta biyun. Ke nan ba mutuwa ta yi ya sake aure ba. Doka kuwa ba ta ba shi mata biyu ba.

Abin da ya rikita ɗan'uwan nata, a ganina, laƙabin Siniya da Juniya ne. Ya ɗauka uba ne da ɗa, ko mutum ɗaya da ya girma. A lokacin akawu yana sa laƙabin ne kawai don ya bambanta babba da ƙarami a gunduma, ko da babu dangantaka, kuma ran da babban ya mutu ƙaramin kan gaji laƙabin in akwai wani na ƙasa da shi. Ga kuma kalanda: kafin 1752, a ƙarƙashin mulkin Ingila, shekara tana farawa ne ran 25 ga Maris, don haka takardar Fabrairu tana bayan ta Disamba ko da shekarar da aka rubuta ɗaya ce.

Wajen la'asar na ci karo da shafin da ya tsaya mini a rai. A littafi ɗaya da gonakin, John na kudu ya yi wa 'yarsa kyautar wata baiwa da ɗanta. Sunan yanka kawai aka rubuta musu, ba na uba, ba garin asali. Mun yini muna wahalar raba mutum biyu masu cikakken suna da gona da shaidu, su kuwa waɗannan ko zaren da za a kama babu. Na karanta wa Iya, ta ce in sake karantawa, sannan ta sa na ɗauki hoton shafin.

John na kudun ne kakanta, ta wajen wannan 'yar da aka yi wa kyautar. Sojan da dangi ke tutiya da shi ɗan gidan na arewa ne, ba nasu ba. A mota ta ce mini, "Ɗana, kai za ka rubuta wa ɗan'uwana wasiƙar, ni in na faɗa ba zai yarda ba." Na ce sai na gama jarrabawar ranar Juma'a, kuma da sunanta za a aika.