Wata Tara a Ƙarƙashin Fiffiken Dornier

Shekara goma sha ɗaya ina bugun jikin mota a Bauchi kafin hannuna ya taɓa jirgin sama, kuma ba don na fi kowa iyawa aka kira ni ba. Wani dattijo ne, tsohon makanikin sojan sama da ya yi ritaya, ya zo garejinmu yana neman yaro mai haƙuri da guduma. Maigidana ya nuna ni da haɓa, ya ce, "Ga wannan, ba ya da surutu." Washegari da sassafe aka ɗauke ni a mashin zuwa wata rumfar kwano a bayan gari, ta hanyar Ningi.

Abin da na tarar bai yi kama da jirgi ba. Fukafukan a cire, an kwantar da su kan tsofaffin tayoyi. Zanzaro ya yi gine-ginensa a duk wani lungu, kaza ta taɓa yin ƙwai a kujerar matuƙi, sannan wani bawan Allah ya bi jikin gaba ɗaya da shuɗin fentin gida, irin na ƙofar shago. Baba, don haka muke kiransa, ya dafa hancin jirgin kamar mai gaida tsohon doki, ya ce sunansa Dornier Do 27. Jamusawa ne suka ƙera shi, kuma shi ne jirgi na farko da suka ƙera da yawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da yake an hana su ƙera jirage har zuwa 1955, a Sifen aka fara aikin zanensa. Ya iso mu ne ta hannun Jamusawan da suka taimaka aka kafa rundunar sojin samanmu a 1964, lokacin da shugabanta na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Ba tashi ake so wannan ya yi ba. So ake ya tsaya yadda yake a zamanin da yake bakin aiki, ba ƙari ba ragi.

Na ce a raina wannan ai sauƙi ne, tunda ba wanda zai hau.

A gareji, in za a faɗi gaskiya, sana'armu ɓoye tarihi ce. Mota ta sha karo, ka buga, ka cika da fila, ka goge, ka fesa fenti, mai saye ya zagaya sau uku bai ga komai ba. Gwani shi ne wanda aikinsa ba ya barin shaida. Da wannan hannun na shiga rumfar, kuma a kwana na uku ya ja mini abin da har yau nake jin kunyarsa.

Baba ya tafi ta'aziyya Dass. Na ga zama ba ya ƙare aiki, na jona injin gurza na hau kan fiffiken dama, ina so ya dawo ya tarar na cinye rabi. Shuɗin fentin yana tashi kamar ƙura, ina jin daɗi. Daf da murfin tankin mai na ga wasu ƙananan baƙaƙen haruffa sun leƙo, kafin in ɗaga hannu injin ya riga ya lashe su. Da Baba ya dawo bayan la'asar bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya durƙusa, ya sa tabarau, ya shafa wurin da babban yatsa, ya nuna mini kawunan ribit, wato ƙusoshin da ke haɗa farantan jikin jirgi, guda bakwai da na shafe har suka yi lebur. Sannan ya ce, "Ɗana, me aka rubuta a nan?" Na ce ban karanta ba. Ya ce, "To ni ma ban karanta ba. Yanzu ba mai karantawa."

Daga ranar aka kulle injin a akwati. Samfefa mai laushi da ruwa a roba, da hannu, wuri kamar faɗin tafi. Ya koya mini in riƙa cire fentin hawa-hawa kamar matakala, ta yadda kowane launi zai bar gefensa a fili. Ƙarƙashin shuɗin akwai wani launi mai duhu marar sheƙi, ƙarƙashinsa kuma ruwan ɗorawa mai ɗan kore, wanda Baba ya ce shi ne fentin farko da ake shafa wa alminiyam don kada ya ci. A gefen jiki muka yi mako biyu kafin da'irar tambarin sojan samanmu ta fito, kore da fari da kore. Kafin a taɓa komai sai an ɗauki hoto da ma'auni a gefe, an ɗora takarda mai shara-shara an kwafe, an rubuta nisan alamar daga layin ribit mafi kusa.

A nan ne na fara gane cewa kalmar "asali" ba ta da sauƙi yadda nake zato. A wasu wurare rubutun gargaɗi na Turanci ne, ka ƙara gogawa kaɗan sai na Jamusanci ya fito a ƙarƙashinsa. To wanne ne asalin? Ranar da ya fito daga masana'anta, ko shekarun da ya yi yana ɗaukar hafsoshinmu? Mai jirgin yana son Jamusancin, wai ya fi burge baƙi. Baba ya ce a'a, a zaɓi zamani ɗaya a tsaya a kansa, kada a haɗa rigar wani da wandon wani. Aka tsaya kan zamanin Najeriya. Jamusancin da muka gano ba mu kankare shi ba, an kwafe shi a littafi an rufe shi da fenti yadda aka same shi.

Sauran ilimin ya zo a guntu-guntu, yawanci bayan na kusa yin ɓarna. Alminiyam ba ya jan tsatsa irin ta mota, wani farin gari yake yi kamar toka, kuma yana ci ta ƙarƙashin fenti ba ka sani ba. Ba a sa masa buroshin waya na ƙarfe, don ɓurɓushin ƙarfen yana maƙalewa ya haifar da sabuwar cuta. Ko fensir Baba ba ya yarda a ja layi da shi a jikin. Jikin jirgin awon Jamus ne, na milimita, amma injinsa Lycoming ne na Amurka, mai silinda shida da ƙarfin doki 270, notunansa na inci. Sifana mai lamba 13 tana shiga notin rabin inci kamar ta dace, alhali akwai ɗan sako-sako, kana matsawa ta cinye kusurwoyin. Na lalata guda biyu kafin hannuna ya koyi jin bambancin. Agogunan gaban matuƙi kuwa ya hana a buɗe ko ɗaya, domin fentin da ke sa allurar wasu agogunan wancan zamanin haske da dare yana da guba, ƙurarsa ba ta shaƙuwa.

Abin da muka fi ja a kansa wani faci ne a ƙarƙashin wutsiya. Mummuna ne ƙwarai, gefensa a karkace, ribit ɗin ba su jeru ba, yaron da ya yi wata shida a garejinmu ba zai yi irinsa ba. Na ce, "Baba, ka bar ni in cire wannan in sa sabo, ko kai ba za ka gane wurin ba." Ya ce abin da yake tsoro ke nan. Fentin soja ne a kan facin, a ƙarƙashin shuɗin, wato tun jirgin yana aiki aka yi shi. Wani makaniki ne ya kwanta a ƙasa, ƙila da fitila a baki, ana jiran jirgi ya tashi da asuba. Muka tsabtace shi, muka kashe cin da ke gefensa, muka bar shi da karkatarsa.

Inda kuma dole sai an sa sabon abu, to sai an tona wa kai asiri. Duk faranti da na yanka na buga, sai na rubuta shekara a bayansa ta ciki, Baba kuma ya shigar a littafi: wuri kaza, sabo ne, ba na masana'anta ba. Ni da aka horar a kan kada a gane hannuna, ga ni ina sa wa aikina alama don a gane.

Ba duka na yarda da shi ba. Gilasan roba na ƙofofin rana ta gasa su sun yi fari fat, sun tsattsage, amma ya sa muka yi kusan wata muna goge su da fatan za su farfaɗo. Ba su farfaɗo ba, a ƙarshe sabbi aka sa. Wannan watan a ganina taurin kai ne kawai, kuma na gaya masa, ya yi dariya bai musa ba.

Ranar da aka ɗaura fukafukan, mita 12 daga wannan baki zuwa wancan, ba ko sandar tokare a ƙarƙashinsu, rumfar ta yi mana kaɗan, sai da aka cire kwano biyu. Mai jirgin ya zagaya, ya ce fentin bai yi sheƙi ba, ko za a ƙara masa mai? Baba ya ce jirgin soja ba amarya ba ne. Da aka zo fesa ƙananan rubuce-rubuce, na kawo shawarar a kwafi na fiffiken hagu a sa kusa da murfin tankin dama, tunda da wuya su bambanta. Baba ya yi shiru, ya ce da wuya ba tabbas ba ne. Wurin yana nan ba rubutu, faɗinsa bai fi yatsu huɗu ba, kuma a littafin, shafi na shida, an rubuta ranar da dalilin da sunana.