Tambayar da na kasa yi wa yaron

A shekarar 2023, ina tsakiyar karatun digiri na biyu kan ba ɗalibai shawara a jihar Teksas ta Amurka, majalisar jihar ta zartar da doka mai lamba 763, Gwamna Greg Abbott kuma ya sa mata hannu a watan Yuni. Dokar ta ba makarantun gwamnati damar ɗaukar malaman addini, irin waɗanda ke aiki a asibiti da barikin soja da gidan yari, su riƙa zama da ɗalibai, da albashi ko a matsayin 'yan sa-kai. Ba a ce sai sun mallaki takardar shaidar da ake nema a wurinmu ba.

Da na ji labarin, daɗi na ji. Na tashi a gidan da in zuciya ta yi nauyi, wurin malam ake zuwa. Ga shi jihar ba ta gama makokin garin Uvalde ba, inda wani ɗan bindiga ya kashe yara 19 da malamai 2 a wata makarantar firamare a watan Mayun 2022. Ƙungiyar masu wannan aiki a Amurka na so kada mai ba da shawara ɗaya ya wuce ɗalibai 250, amma a makarantar da na yi horo mun zarce haka nesa ba kusa ba. Na ce a raina, hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Wani yaro ɗan shekara 14 ne ya sauya min tunani. Ya shigo ofis bayan abincin rana, ya zauna yana ta murza igiyar rigar sanyinsa, kansa a sunkuye. Can ya ce shi dai da zai kwanta barci ya ƙi farkawa, da ya huta. Abin da ya zo min baki shi ne abin da na saba ji tun ina ƙarama: ka yi haƙuri, komai mai wucewa ne. Har na fara faɗa. Sai matar da ke kula da horona ta jawo kujerarta kusa da shi, ta sassauta murya, ta tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Ya ce e. Ta ce ya shirya yadda zai yi? Ya daɗe shiru, sannan ya ambaci ƙwayoyin maganin kakarsa da ya ɓoye a ƙarƙashin katifa. Ba ta bar shi shi kaɗai ba ko na minti ɗaya har mahaifiyarsa ta iso. Aka ba su lambar gaggawa ta 988, aka haɗa su da likita a ranar.

Da ni kaɗai ce a ɗakin, da ya tafi gida da nasihata, ƙwayoyin na nan inda ya bar su. Ba tausayi na rasa ba. Horo ne bai gama shiga jikina ba, kuma shi ne abin da dokar ta ce ba dole ba ne.

Daga baya wani abu ya ƙara damuna. Dokar ba ta wajabta neman izinin iyaye ba, ba ta kuma hana jan yaro zuwa wani addini ba. Na tuna 'yan matan Afganistan da na Somaliya da ke wucewa ta ƙofarmu da hijabinsu. Yarinyar da ke kuka ba ta da ƙarfin cewa a'a ga babban da ya ce su yi addu'arsa tare. Haka zan ji ko da limami ne aka zaunar da ɗan Kirista a gabansa ba da sanin uwarsa ba. Ko irin wannan dokar da jihar Fulorida ta yi a 2024 ta ce sai iyaye sun yarda a rubuce. Malaman addini sama da 100 a Teksas su da kansu suka rubuta wa hukumomin makarantu cewa kada su karɓi tsarin, kuma da wa'adin da dokar ta ba hukumomin su jefa ƙuri'a kan tsarin ya cika a farkon Maris 2024, gundumomin makarantu 25 mafi girma a jihar duk sun ƙi.

Har gobe in raina ya ɓaci, limamin masallacinmu nake nema. Amma tambayar nan ta ranar tana yi min nauyi a baki, balle da Hausa. Makonni na yi ina maimaita ta ni kaɗai a mota, a hanyar zuwa aiki, har ta daina maƙale min a maƙogwaro.