A karo na huɗu, auren mangwarona ya kama

Ƴan uwa, yau da na dawo daga sallar asuba na leƙa ƙarƙashin rumfa, sai ga toho jajawur, ganye uku ƙanana masu sheƙi, sun turo ledar da na kifa a kan ɗan reshen. Kwana 19 ke nan da ɗaure shi. Na daɗe a tsugune ina kallonsa. Da na bi layi na ƙirga, cikin 20 da na aura, 11 sun kama. Alhamdulillahi. Wanda ya san yadda na sha da wannan aiki tun hunturun bara zai gane abin da ya sa na kasa haƙuri sai na rubuto muku.

Karo na farko na ɗora wa iskar hunturu laifi, kuma tana da nata kason, don reshen da aka yanko ba shi da saiwa, ruwan jikinsa kawai yake rayuwa da shi. Karo na biyu na ce wuƙa ce, na sayi ta aure jaka huɗu, na hau kabu-kabu har wajen Jiratawa na sayo rassan wani irin mangwaro mai suna Kent, na yi aikin cikin zafin Afrilu. Ko ɗaya bai tsira ba. Kuɗin nan har yau suna yi mini ciwo. Na uku kuwa shi ne ya karya mini gwiwa, domin damina ta sauka, akwai laima, wuƙa na ci, ɗauri ya yi tsam, amma bayan sati biyu rassan suka yi baƙi ɗaya bayan ɗaya.

Sai na ɗebi matattu guda biyar na kai wa wani dattijo mai lambu a bakin Gulbin Maraɗi. Ya kwance ɗaurin ɗaya, ya juya shi a tafin hannu, ya ce, "Ɗana, ka zaunar da shi a tsakiya. Icce ba ya kama icce, fata ce ke kama fata." Ya karyo ɗanyen reshe, ya sa farce ya ɓare ɓawon, ya ce in shafa. Tsakanin ɓawo da farin icce akwai wani santsi mai danshi, siriri, bai kai kaurin takarda ba. Ya ce duk rayuwar aure tana nan.

Ga kuskurena. Gindin da nake aurawa a kai, mangwaron gida mai zare da na shuka daga ƙwallo, ya kai kaurin babban yatsa. Rassan da nake sayowa kuwa kamar fensir suke. In na tsaga gindin, sai in soka reshen daidai tsakiya don ya tsaya cak ya yi kyau a ido. Ashe santsin nan na reshe, wanda a littafi ake kira kambiyom, yana can ciki yana jingine da farin icce, na gindi kuma yana can gefe, ba su taɓa haɗuwa ba. To shi ne wurin da ke haifar da sabon nama: ta ciki yana yin icce, ta waje yana yin ɓawo. In na biyun ba su gogi juna ba, babu abin da zai ɗinke raunin. Ruwan da saiwa ta tsotso yana hawowa ta cikin icce ya iso bakin tsagar ya tsaya, reshe na zaune a kai yana mutuwa da ƙishi.

Wannan ya warware mini wani abu da ya daɗe yana damuna. Shekarar da ta wuce akuya ta gwaguye ɓawon lemun tsamina ta zagaye shi kaf. Ya yi watanni da ganyensa kore shar, har na ce ya tsira, sannan ya bushe. Ruwa bai daina hawa ba, tunda iccen ciki lafiya lau yake. Abincin da ganye ke haɗawa da hasken rana ne ya rasa hanyar sauka, don ta cikin ɓawo yake bi. Yunwa ta kashe saiwa a ƙarƙashin ƙasa, daga baya sama ya bi ta.

A wannan karo sai na matsar da kowane reshe gefe guda, ɓawo ya hau kan ɓawo, ɗaya gefen na bar shi da giɓinsa. Ba shi da kyan gani, amma shi ne ya kama. Na kuma roƙi mai lambun ya tsinke ganyen rassan sati guda kafin a yanko, idanun toho suka kumbura tun suna jikin uwa, na kawo su gida cikin jiƙaƙƙen tsumma na aura a ranar. Fiƙa ɗaya kowane gefe, ba a sa yatsa a wurin yankan.

Biyu daga cikin taran da suka mutu sakacina ne. Gindi ya fitar da toho ta ƙasan ɗauri, na bar shi kwana shida don ina ganin ganye ƙarin ƙarfi ne. Shi kuwa ya janye ruwan gaba ɗaya. Ku riƙa tsinke shi da zarar ya leƙo.

Ƙarfin gindi ba abin mamaki ba ne ga mutumin Maraɗi. A gonakinmu ne aka fara sassaben zamani wajen 1983, lokacin da wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sarewa kowace shekara suna da rai, saiwarsu na nan a ƙasa, toho kawai suke so a rage musu a bar masu ƙarfi. Dalilin da ya sa nake dagewa kan gindin gida ke nan: shi ya san ƙasarmu da raninmu, Kent kuwa daɗin ɗiya ya kawo.

Yanzu damuwata tana cikin ledar da na shuka su a ciki. Na yaga ta ɗaya daga cikin matattun, na tarar uwar saiwa ta kai ƙasa ta naɗe kamar gammo, saboda sun wuce shekara a ciki ina ta jiran aure ya yi. Na so in dasa su cikin Agusta tun ƙasa na da laima, amma ɗinkin bai yi ƙwari ba, ba ni son in haɗa musu rauni biyu. Duk wanda ya taɓa yanke naɗaɗɗiyar saiwa a ranar dashe, ya gaya mini yadda nasa suka yi a ranin farko.