Lissafi da Turanci a Sakandare

Yanzu ana ta cewa a daina haddar fomula, a ba yara tambayoyi masu labari su yi tunani su kuma rubuta yadda suka kai ga amsa. Madalla, amma fa labarin nan da Turanci yake zuwa, kuma a nan Jos yaro da Birom ko Hausa ya tashi a gida, wani ma Turancin shi ne yarensa na uku. Sai ka ga ya iya lissafin sarai, kai ko canji a kasuwar Taminus ba ya kuskure, amma doguwar jimlar Turanci ɗaya a takardar jarabawar WAEC ta kayar da shi. Gwamnati ta taɓa amincewa da koyarwa da harshen uwa a firamare a 2022, to sakandare fa? Malamai dai suna ta fassara a aji, ranar jarabawa kuwa babu mai fassara.