Godiya ga waɗanda suka fitar da ni da mutuncina

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi. A makon jiya na karɓi takardar sallama daga kamfanin maganin da na daɗe ina yi wa talla. Takardar ta nuna ba sa bi na ko sisin kwabo, an dawo min da takardar shaidar digirina ta asali da suka riƙe tun ranar da aka ɗauke ni, an kuma soke fom ɗin mutum biyun da suka tsaya min. Da yawanku kun ji ni shiru, wasu sun kira ban ɗauka ba, wasu kuma sun ji ƙishin-ƙishin cewa wai na ci kuɗin kamfani. Sai da komai ya kammala a rubuce na ga ya dace in buɗe baki. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Waɗanda zan gode wa ma ba zan kama sunansu ba, domin wasunsu har gobe a can suke cin abinci.

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Ana ba ka mota da jakar samfur da yankin da za ka riƙa zagayawa. Nawa ya haɗa da wani ɓangare na birnin Kano, sannan Wudil da Gaya, ya zarce Dutse da Birnin Kudu, wani lokacin har Gumel da Haɗeja. Ka tsaya a baranda ka jira likita ya gama zagayen majinyata ko ya sallami layin da ke ƙofarsa, ya ba ka minti biyu ka yi masa bayanin magani. Daga nan ka sauka wajen masu harhaɗa magani, ka bi kemis-kemis, ka ƙare a wajen diloli. A kamfanonin da suka san abin da suke yi, mai talla daban, mai kai kaya daban, mai bin bashi daban. A namu duk a kan mutum ɗaya aka ɗora, kuma idan dila ya yi jinkirin biya, albashinka ake fara dubawa.

A haka muke lallaɓawa har shekarar 2023. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, mu kuwa kusan duk abin da muke sayarwa ko dai daga Indiya da Sin ake shigo da shi, ko kuma sinadaransa daga can suke zuwa. Takardar farashi ta koma ana sauya ta kafin ka gama raba ta baya. A watan Agusta kamfanin magani na ƙasar waje GSK ya sanar da cewa zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, takwaransa Sanofi ya biyo baya a watan Nuwamba. Duk wanda yake da mai asma a gida ya san yadda kuɗin Ventolin, maganin asma na GSK, ya koma a lokacin. Wannan wahala ce ta kowa da kowa, ban ɗora wa kowa laifinta ba. Abin da na gani shi ne, a wasu kamfanonin shugabanni sun zauna da yaransu an sake lissafi. Mu namu manajan ƙara mana taget ya yi, wato adadin cinikin da dole mu kawo, kuɗin mai kuma ya bar shi yadda yake tun zamanin tallafi. Da aljihuna nake cika tanki in je Haɗeja in sayar wa kamfani kaya.

Da abin ya tsaya a kan kuɗi, da da sauƙi. Mitin ɗin safiyar Litinin ya zama dandalin cin mutunci. A kira sunanka a gaban ƙannen bayanka a ce ba ka da amfani, a ce akwai ɗaruruwan masu digiri a waje da ke jiran kujerarka. Saƙo yana shigowa WhatsApp ƙarfe ɗayan dare, idan gari ya waye ba ka amsa ba sai takardar tuhuma. Ranar Juma'a ana tsaka da huɗuba waya tana ruri, a ce ka turo alamar inda kake. Asibitin da ka sha rana kana ginawa, da zarar ya fara kawo ciniki sai a yanke shi a ba wa ɗan gaban goshi. Mafi muni shi ne lodin ƙarshen wata: a tilasta maka ka jibge wa dila katan-katan ɗin da bai nema ba, bashi, don kawai alƙaluman oga su yi kyau a idon hedikwata. Rabin kayan wa'adinsu ya kusa cika. Idan suka dawo, ai sunanka ne a kan takarda.

Sai ga watan Fabrairun 2024, lokacin da hukumar NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna ta PCN suka rufe shagunan magani sama da dubu ɗaya a Sabon Gari, domin 'yan kasuwar su koma sabuwar cibiyar sari da ke Dangwauro a kan hanyar Zariya. Ni dai a ganina komawar daidai ce, duk wanda ya taɓa ganin katan ɗin allura a jibge cikin zafin watan Afrilu ba zai yi musu ba. Amma a lokacin shagunan kwastomomina da dama suna garƙame da kayanmu a ciki, ba ciniki balle biya. Kowa a garin nan ya san dalili. Manajana ya tattara wannan bashin gaba ɗaya ya rubuta shi a kaina, aka fara yankar albashina, aka kuma aika wa waɗanda suka tsaya min takardar gargaɗi. Daga nan na san zama ya ƙare. Sai dai fita daga irin wannan aikin ba kamar fita daga sauran ayyuka ba ce. Idan ka tafi da bashi a rubuce da sunanka, ɓarawo za a kira ka, kuma harkar magani a Arewa ƙarama ce, kowa ya san kowa.

Godiyata ta farko bayan Allah ga uwargida take. Tun farkon fara aikin nan, duk takardar kai kaya da na shigo da ita gida sai ta karɓa ta aiki yaro a yi mata hoto, ta jera su wata-wata a cikin tsohon akwatin lefenta, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa. Har tsiya nake yi mata, ina cewa ta zama odita ba albashi. Ranar da aka ce wasu kaya sun fita da sa hannuna ba a san inda suka shiga ba, ita ta jawo akwatin tsakar ɗaki bayan sallar isha'i, muka baje takardu a kan tabarma, tana karanto lamba ina dubawa a waya, har muka gano cewa an maido kayan sito tuntuni, ga sa hannun mai sito ga hatiminsa. Ba ta ce min komai ba, sai ta miƙo min takardar ta tashi ta ɗora ruwan shayi. Watannin da albashi yake zuwa rabi, da kuɗin adashenta da cinikin turaren wutarta aka riƙe gidan, kuma ko 'yan uwanta ba su ji ba. Allah Ya saka miki da Aljanna.

Hajiyata, da na je mata da maganar ajiye aiki ina ta kewaye-kewaye, ta katse ni ta ce, “Ɗan nan, tun yaushe nake kallon wuyan rigarka yana yi maka yawa. Ka fita. Wanda Ya ba ka wannan bai ƙare ba.” Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Hajiya.

Kawu da Yaya, ku kuka sa hannu kuka tsaya min a lokacin da ba ni da komai sai takarda. Kawu ya yi ritaya da mutuncinsa, bai taɓa ganin takardar barazana da sunansa ba sai a dalilina. Na je gidansa kaina a ƙasa. Ya karanta ta sau biyu, ya ninke, ya sa a aljihu, ya ce in dai ban ci ba to kada in kuskura in sa hannu a kan wata yarjejeniyar biya, ko da za a kai shi kotu. Wannan maganar ce ta tsayar min da ƙafa, domin a lokacin saura kaɗan in amince a riƙa cira a hankali don kawai a ƙyale su.

Akwai wata baiwar Allah, shugabar sashen magani a wani asibiti, wadda wataƙila ba ta ma san ta taimake ni ba. An matsa min in kai mata maganin kashe ƙwayoyin cuta na yara da ya rage 'yan watanni ya lalace. Ta buɗe katan, ta ɗauki kwalba ɗaya ta juya, ta duba lambar NAFDAC da lambar rukunin da ranar ƙarewar wa'adi, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Malam, kai za ka ba wa ɗanka wannan?” Ta ɗauki jan biro ta rubuta dalilin ƙin karɓa a jikin takardar, ta sa kwanan wata, ta buga hatimi. Na fito ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage. Wannan jan rubutun shi ne daga baya ya tabbatar da cewa kayan ba a hannuna suka lalace ba, a haka aka fito da su daga sito. Hajiya, na gode, kuma Allah Ya yawaita mana irinki a asibitocinmu.

Barista, abokin Yayana, bai karɓi ko kuɗin mai a hannuna ba. Shi ya fahimtar da ni abin da ya kamata kowane mai talla ya sani, cewa sashe na 91 na dokar ƙwadago ya cire wakilai da masu yawon talla da ke aiki a wajen harabar kamfani daga cikin waɗanda dokar take kira ma'aikata, don haka takardar ɗaukar aikinka ita ce babbar garkuwarka, kuma idan rigima ta yi nisa kotun ma'aikata ta ƙasa ce wurin zuwa. Da ya karanta tawa, babu inda aka ce bashin kwastoma yana kan mai talla. Shi ya kuma ce in nemo bayanin asusun fanshona. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 daga albashin ma'aikaci, kamfani ya ɗora kashi 10, a zuba cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Nawa ana cirewa kowane wata, amma asusun ya daɗe bai ga komai ba. Wasiƙa ɗaya ya rubuta mai shafi biyu, ya ambaci wannan a sakin layi na ƙarshe. Muryar da ake yi min magana da ita ta sauya a cikin satin.

Ina gode wa wata ma'aikaciyar sashen kuɗi a hedikwata, wadda ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, ko fuskarta ban taɓa gani ba. Ta zauna bayan an tashi aiki ta bi lissafina layi-layi, ta rubuta gaskiyar abin da ta gani alhali ta san wanda abin zai ɓata wa rai. Haka dilolina na Sabon Gari, waɗanda yanzu suke Dangwauro. Suna cikin nasu tashin hankalin, amma ɗaya bayan ɗaya suka sa hannu cewa bashin nasu ne, tsakaninsu da kamfani ne, kuma da yawansu sun biya. Wani dattijo a cikinsu har ofis ya taka da ƙafarsa. Mutanen kasuwa suna da amanar da ba a cika ba su shaida a kanta ba.

Likitan da na shiga yi wa tallan maganin hawan jini, ya kalle ni ya ce in ajiye jakar in miƙo hannu, ya auna ni, ya ce ni ne na fi buƙatar abin da nake tallatawa, na gode. Bakanikena da ya yi ta ɗinke min tsohuwar motar kamfani bashi, da abokan aikin da suke kira na a ɓoye da layin matansu don su ji lafiyata, duk ina sane. Ku da kuke ciki har yanzu, ban ce kowa ya fita ba, na san nauyin da ke kan kowa. Ku dai riƙa ajiye kwafin duk takardar da kuka sa wa hannu, ku kuma leƙa asusun fanshonku.

Shi kuwa manajan, an ce min shi ma daga sama ake matsa masa. Na yarda. Amma na ga wasu da ake matsa wa daga saman, ba su mai da na ƙasansu abin taka wa ba. Haƙƙin da ke tsakanina da shi na kuɗi an warware, sauran kuma ban shirya cewa na yafe don a yaba min ba. Ina roƙon Allah Ya sanyaya min zuciya in kai ga hakan.

In Allah Ya yarda farkon wata mai kamawa zan fara aiki da wani kamfanin rarraba magani a nan Kano, kuma a wannan karon sai da Barista ya karanta takardar kafin in sa hannu. Ina neman addu'arku.

Sanarwa ga kwastomomi: layin wayar da kuka saba kira na da shi na kamfani ne, na mayar tare da mota da jaka. Duk wanda ya kira ku da shi ba ni ba ne. Wanda ragowar kuɗin kamfani yake hannunsa ya biya ta asusun kamfanin kai tsaye, ya karɓi rasit, kada ya ba wa kowa a hannu da sunana. Wanda kuma yake bi na bashi ni kaina, ya yi min magana ta akwatin saƙo, ranar Asabar zan fara zagayawa, kuma daga garejin bakanike zan soma.

Na gode, Allah Ya bar zumunci.