Tantin maƙwabcina da yakuwar da ta ƙi fure

Tun ranar 17 ga Oktoba, 2018 dokar Kanada ta ba magidanci damar shuka tabar wiwi a gidansa, muddin ba ta wuce tushe huɗu ba, kuma huɗun nan na gidan ne gaba ɗaya, ko mutum nawa ke cikinsa. Ba a sayarwa, ba a ba yaro, irin ma sai daga hannun mai lasisi. Lardin Kebek bai yarda da shukar gida ba. A nan Alberta an yarda, sai dai mai gidan haya yana da ikon hanawa. Na fara da wannan ne don 'yan'uwa na gida su san abin da zan faɗa a fili ake yin sa a nan.

Ni ba na sha, kuma abin da iyaye da malamai suka koya mini a kanta yana nan daram. Yakuwa ce ta haɗa ni da masu wannan shuka.

Ina shuka ta a bayan gidanmu a Edmonton idan ƙanƙara ta narke. Ganye kam sai wanda ya gani, muna miya muna kyauta. Amma zoɓo ko ƙwaya ɗaya. Za ta yi ta tsawo har ta kawo mini ƙirji, ba fure ba alamarsa, sai sanyin Satumba ya sauko dare ɗaya ya ƙone ta. Maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin wutar lantarki, shi ya leƙo ta kan shinge ya tambaye ni asalin wannan tsiro mai jan kara. Da na ce daga arewacin Najeriya, sai ya ce, "To ba taki take nema ba, dare take jira." Ya ce in zo in ga wani abu.

A ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa akwai tanti baƙi mai zif, tsayinsa ya ɗan fi mutum. Da ya zuge, sai da na kare idona. Cikin duk an lulluɓe shi da abu mai ƙyalli, fitila mai faɗi tana rataye a sama, ƙaramar fanka tana kaɗa ganye, ga wani bututu mai gawayi a ciki yana tsotse wari kafin iska ta fita. Tukwanen wiwi huɗu cif. Kowace da takarda a ɗaure, an rubuta sunan uwa da na uba da ranar shuka. Abin da ya fi nuna mini da alfahari wata 'yar na'ura ce a jikin soket, mai kunna fitila da kashe ta a kan lokaci. Ya ce muddin hasken ya yi tsawo, tsiron ganye kawai zai yi ta yi. Ranar da duhu ya kai awa 12 a jere, ba tare da ko ƙyallin tocila ya katse shi ba, sai ya fara fure.

Nan take na gane matsalar yakuwata. A Kano tsawon yini ba ya nisa da awa 12, ko da rani ko da damina. A Edmonton kuwa yinin ƙarshen Yuni yana kaiwa awa 17, ana sallar isha'i gari bai gama duhu ba. Kafin dare ya yi tsawon da yakuwa take so, sanyi ya riga ya kashe ta. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya san wannan a gonarsa ba tare da agogo ba. Yakan ce dawa ko ka riga kowa shuka, ba za ta fitar da kai ba sai lokacinta ya yi, wajen ƙarshen damina. Farafara da ƙaura da maiwa duk haka suke, tsawon dare suke bi.

Abin da ya fi cin lokacin dattijon nan shi ne haɗa iri. Wiwi tana da namiji daban da mace daban, kamar dabino, kuma macen da ba a yi mata barbara ba ita masu sha suke so. Mai son sabon iri kuwa sai ya keɓe namiji, ya tara garin furensa, ya shafa wa reshe guda na macen da ya zaɓa da ɗan burushi, ya ɗaure wa reshen zare don ya gane shi. 'Ya'yan farko sukan fito kusan kama ɗaya. A jikoki ne hali yake rarrabuwa, wani gajere wani dogo, wani mai saurin nuna wani mai nawa. Da tushe huɗu kacal a lokaci guda, zaɓen da babban manomi zai yi a shekara ɗaya shi sai ya kwashe shekaru. Yana da littafi da ya cika da rubutu, ga ƙananan ambulan na iri a cikin firji. Ya san tarihin abinsa: gajerun irin tsaunukan Hindu Kush na Afganistan, dogayen irin Kolombiya da Meziko, yadda aka gauraya su a Kalifoniya a shekarun 1970 aka sami wanda ake kira Skunk, daga baya aka kai shi Holan. Har na Afirka ya ambata, na Durban da na Malawi. Na zauna ina saurarensa, kuma gaskiya na girmama haƙurinsa da tsarinsa.

Sai dai akwai inda muka rabu, na kuma faɗa masa. Shekara da shekaru yawancin masu wannan aiki abu ɗaya suke bi, wato ƙara ƙarfin sinadarin THC mai bugarwa. A Amurka, gwajin wiwin da hukuma ta kama ya nuna kusan kashi 4 cikin ɗari a 1995, zuwa 2014 ya kai wajen kashi 12. Yau a shagunan nan ganin kashi 20 ko fiye a jikin kwali ba abin mamaki ba ne. Hukumar lafiya ta Kanada da kanta tana gargaɗin cewa ƙwaƙwalwa ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25, kuma wanda ya fara da wuri yana sha kullum ya fi shiga haɗarin taɓin hankali. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. A unguwarmu na san yaro mai hazaƙa, mahaddacin izu da dama, wanda yanzu mahaifiyarsa ce take bin sa kwararo-kwararo da kwanon abinci. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 10.6 ne suka sha wiwi a shekarar da ta gabaci binciken. Kuma wannan mai ƙarfin da aka ƙera a ƙarƙashin fitila ta riga ta isa gida: sau da yawa hukumar NDLEA tana sanar da kama wadda ake kira Loud a Legas, an ɓoye ta cikin motocin da aka yi jigilarsu daga Kanada. Duk lokacin da na ga irin wannan labari raina yakan ɓaci, don sunan ƙasar da nake zaune ake ambata, kuma yaranmu ne za su sha.

Dattijon bai yi gardama ba. Ya ce shi ma mai ƙarfin nan ba ta yi masa, mai yawan CBD, wani sinadarin wiwi da ba ya bugarwa, yake nema saboda ciwon gwiwa, kuma ƙofar ɗakin kullum da kwaɗo saboda jikokinsa. Na yarda da shi a kan kansa. Ban yarda cewa kowa haka yake ba, kuma duk wanda yake Najeriya ko Nijar ya sani wannan shuka laifi ce da take kai mutum gidan yari.

Tsohon tantinsa ya ba ni aro, na wanke shi tas, na sa yakuwa a tukwane. Na bar ta ta yi ƙarfi, sannan na rage mata haske zuwa awa 11. Bayan 'yan makonni na zuge zif da safe na tarar da fure ruwan ƙwai mai haske, tsakiyarsa ja wur, kafin la'asar ya yanƙwane, a gindinsa kuma ƙoƙon zoɓo ya fara kumbura. Na kira Inna ta bidiyo na nuna mata. Ta ce, "Kai ɗan nan, yakuwar ce har da ɗakinta da lantarki?" Sannan ta ce kada in tsinke duka, in bar na ƙasa su bushe a jiki don iri.

Haka na yi. Cikin tukwanen akwai guda da ta riga sauran fure da kusan mako biyu, ita na ɗaura wa zare. Yakuwa yawanci kanta take yi wa barbara, don haka aikina ya fi na maƙwabcina sauƙi, zaɓe ne kawai. Irinta zan shuka bana, in sake ware wadda ta fi sauri, ko Allah Zai sa wata rana in sami wadda za ta ba da zoɓo a fili kafin sanyin Satumba.