Farfaɗo da tsohon garejin kawuna a Tudun Wada

Garejin da kawuna ya bari a Tudun Wada ta Kaduna ya daɗe a kulle bayan rasuwarsa, har sai da maganar rabon gado ta taso aka tuna da shi. Ra'ayin mafi yawan dangi shi ne a kira masu sayen tsofaffin ƙarafa su auna abin da ke ciki a kan sikeli, a raba kuɗin, filin kuma a gina shaguna. Ban ga laifinsu ba, domin wanda ya leƙa ta tsagar ƙofa ba zai ga komai ba sai kwanon rufi da ya rufta ta gefe guda, da ƙura, da tarin ƙarfe mai tsatsa. Na nemi a ba ni hayar wurin, na biya magada kuɗin kayan a kan farashin da masu sikelin suka yanka, da niyyar mayar da shi garejin da ake aiki a cikinsa. Ban yi sha'awar ɗakin ajiye kayan tarihi da za a riƙa zuwa kallo ba, kuma wannan niyya ce ta yi mini jagora wajen zaɓen abin da za a gyara da abin da za a jingine.

Littafin bashi da muka samu a cikin wata akwatin ƙarfe shi ya nuna mana shekarun wurin. Shafukan farko da fam da sule aka rubuta su, wato kafin a sauya kuɗi zuwa naira da kwabo a farkon 1973, lokacin da fam guda ya koma naira biyu. Motocin da aka ambata a waɗannan shafuka kusan duk na Ingila ne, Bedford da Land Rover da Morris da Austin, masu sitiyari a dama, domin sai a Afrilun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama na hanya. Daga tsakiyar littafin kuwa sai Fijo ta mamaye ko'ina. Kamfanin harhaɗa Peugeot da ke Kakuri ya fara fitar da motoci a 1975, a shekarar da Volkswagen ma ta fara nata a Legas, kuma cikin ɗan lokaci 404 da 504 suka zama motar gwamnati, motar haya da motar ɗaukar kayan gona baki ɗaya. Bakaniken da ke Kaduna a wancan zamani yana zaune ne a bakin rijiya, tun da kayan gyara da ma'aikatan da suka san motar ciki da waje duk suna cikin gari.

Wannan sauyi yana nan a jikin sufanu. Da muka zube su a kan tabarma, sai suka rabu gida uku. Akwai na milimita, waɗanda Fijo da Volkswagen suka zo da su, wasu ƙirar Facom ta Faransa, wasu Gedore da Hazet na Jamus. Akwai na inci waɗanda lambar da ke jikinsu take nuna faɗin bakin sufanar. Sai kuma gida na uku, wanda matasan kanikawa da yawa ba su taɓa riƙewa ba, wato na ma'aunin Whitworth, wanda Joseph Whitworth ya tsara a Ingila a 1841. A wannan ma'auni lambar da aka buga a jikin sufana tana nufin kaurin sandar da notin yake hawa, ba faɗin kan notin ba. Saboda haka wadda aka rubuta wa 1/4 W bakinta ya ɗan haura milimita 13 bai kai 14 ba: lamba 13 ba za ta shiga ba, lamba 14 kuma za ta riƙa zamewa har ta cinye kusurwoyin notin. Wannan ne dalilin da ya sa ake ganin tsofaffin Land Rover da notinan giyarsu duk sun mulmule, an bi su da guduma da kurfi an fasa. Tiredinsu ma, wato zanen da noti yake bi ya ɗaure, daban ne, kusurwarsa digiri 55 a maimakon 60 na milimita, don haka notin zamani ba zai hau ba sai an tilasta shi, kuma idan aka tilasta shi an lalata duka biyun.

Ba ni na san wannan da kaina ba. Wani dattijo da ya yi yaron gida a garejin tun yana saurayi, wanda yanzu idonsa ya yi rauni har ya bar sana'ar, shi ya zauna a kan benci ana miƙa masa ƙarafa ɗaya bayan ɗaya. Yakan shafa bakin sufana da babban yatsa ya faɗi lambarta kafin a goge tsatsar a karanta, kuma da wuya ya kuskure. Na ɗauko wani ƙarfe mai lanƙwasa biyu da aka yi wa walda a tsakiya, na ce, "Baba, wannan dai tarkace ne, ko?" Ya karɓa ya juya shi, ya ce, "Ajiye shi, ɗana. Maigida ne ya sa aka lanƙwasa shi don wani noti da ke ɓoye a bayan kafireta. In ka yar da shi, sai ka kwance rabin inji kafin ka kai wurin." Irin waɗannan kayan da aka ƙera a gida sun fi duk sauran daraja a wurina, domin sufanun Ingila irin su King Dick ko Britool ana iya dacewa da su a tsohuwar kasuwar Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, amma wannan babu inda ake sayar da shi.

Aikin gini bai ɗauki hankalina sosai ba, sai dai shi ne na farko, domin babu amfanin fitar da tsatsa alhali ruwan sama yana zuba a kan kayan. Mun sauya kwanon rufi da katakan da gara ta ci. Daɓen kuwa ya sha baƙin mai na shekaru har siminti ya yi laushi, don haka aka zuba garin katako ya tsotse na sama, aka fasa wurin da ya lalace aka kwashe ƙasar da ke ƙarƙashi, sannan aka sake zubawa. Ramin da ake shiga ƙarƙashin mota ya cika da ruwan damina da shara. An yashe shi, an yi masa sabon filasta da matakala, aka yanka katakai masu kauri da za a riƙa rufe shi idan ba a aiki. Na hana a ajiye fetur ko a yi walda kusa da bakinsa, saboda tururin fetur ya fi iska nauyi, yana gangarawa ya taru a ƙasan rami ba tare da an gani ba.

Wajen fitar da tsatsa ne na fi daɗewa, kuma a nan ne muka yi ta ja-in-ja da yaran da ke taya ni. Su abin da suka fi so shi ne a kunna injin gurza ƙarfe a bi kowace sufana har ta yi ƙyalli. Injin yana da sauri, amma yana cin ƙarfe mai kyau tare da tsatsar, yana shafe lamba da sunan maƙera, kuma idan ya taɓa bakin sufana ya faɗaɗa shi ko da kaɗan ne, to ta tashi daga aiki. Hanyar da muka bi ita ce ta wutar lantarki. Ana cika babbar robar wanki da ruwa, a narkar da farar kanwa a ciki, a jingina wani tsohon ƙarfe a gefe a maƙala masa jar wayar cajar batir, a rataya kayan da ake so a wanke a tsakiya da baƙar waya, ba tare da sun taɓa juna ba. Da an kunna sai a ga ƙananan kumfa suna tashi daga jikin sufanar, ruwan ya fara yin ja, datti ya taso sama. Idan aka bari ya kwana, tsatsar takan koma baƙin datti mai laushi da burushin waya yake sharewa, ƙarfen da ke ƙasa kuma ba abin da ya taɓa shi. Dole a yi wannan a fili, domin kumfar iskar haidirojin ce mai kamawa da wuta, kuma ba a sa ƙarfen da ba ya tsatsa a gefen jar waya saboda gubar da yake saki a ruwan. Da an fitar da kaya sai a busar da su nan take a shafa musu mai, in ba haka ba kafin la'asar sun sake yin ja.

Da baƙin dattin ya fita sai wata alama ta bayyana a kusan kowane ƙarfe: ɗigo uku da aka buga da kurfi kusa da wuya. Dattijon ya ce shaidar maigida ce, domin a layin kanikawa aron kaya ba ya ƙarewa, kuma sufanar da ba ta da shaida ba ta dawowa gida. Ban bari an goge ko guda ba, haka kuma ban yi wa sufanu fenti ba. Ƙotocin guduma da na magagari da suka tsage ne kawai aka sauya, wani kafinta ya fere mana sababbi da itacen marke.

Babban bais ɗin da ke kafe a kan teburin aiki, wato abin da ake matse ƙarfe da shi yayin aiki, ƙirar Record ne daga Sheffield, kuma ragowar shuɗin fentinsa na nan a lungunan da hannu ba ya kaiwa. Ya ƙi motsi sam. Mun jiƙa shi da kananzir muna ɗan bubbuga shi da gudumar katako har ya saki, muka kwance shi, muka wanke tiredin, muka cika shi da giris. Jak ɗin mai kuwa robobinsa na ciki sun kumbura sun narke, alamar an taɓa zuba masa man birki, abin da kanikawa da yawa suke yi har yau idan nasa ya ƙare, alhali man birki yana cin irin wannan roba. An yanko masa sababbi aka zuba man da aka yi dominsa, yanzu yana ɗaga mota ba ya saki. Duk da haka dokar wurin ita ce ba mai shiga ƙarƙashin mota sai an kafa mata ƙafafun ƙarfe, ko jak ɗin sabo ne.

Akwai kayan da na yanke hukuncin ba za su koma aiki ba, duk da cewa wasu sun ga kamar ɓarna ce. Tukunyar kabaid, wadda ake zuba dutsen kabaid da ruwa a ciki ta ba da iskar walda, jikinta ya yi siriri kuma ba ta da abin da zai tare wuta idan ta koma baya ta cikin tiyo. Tankin kwamfuresa da muka buɗe ta ƙasa sai ruwa mai tsatsa ya kwararo, kuma tankin da ya ci daga ciki ba a gane shi da ido sai ranar da ya fashe, don haka muka riƙe kan injin muka ɗora shi a kan sabon tanki. Sarƙar ɗaga inji ma an taɓa yi wa ɗaya daga cikin zobbanta walda, ƙugiyarta kuma ta buɗe baki. Wadda aka yi wa haka ba a rataya mata inji mutum yana tsaye a ƙasa, saboda haka aka sayo sabuwa aka zura a tsohon gidan. Tsofaffin takalman birki da muka samu a kwali kuwa irin na asbesto ne, wanda ƙurarsa ke lalata huhu, don haka aka jiƙa su da ruwa aka ƙulle a leda, ba wanda ya hura su ko ya share su da tsintsiya. Tukunyar kabaid ɗin tana ajiye a sama kan kantar kaya, an huda gindinta don kada wani ya yi sha'awar gwada ta.

Motocin da ke shigowa yanzu yawancinsu 'yan Kwatano ne, Toyota da Honda masu kwamfuta a ciki, waɗanda ake soka wa na'ura a ƙarƙashin sitiyari ta faɗi inda matsala take, tsarin da Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can tun 1996. Mun sayi irin wannan na'ura, domin garejin da ba shi da ita a yau ba zai ciyar da kowa ba, kuma tana zaune a aljihun tebur ɗin da bais yake kai. Sufanun milimita na Facom da Gedore suna aiki a kan waɗannan motoci kamar jiya aka ƙera su. Na Whitworth an jera su a allo daban, ana sauko da su idan mai tsohuwar Land Rover ya zo, kuma labari ya fara kai wa irin waɗannan mutane cewa akwai inda ba za a fasa musu noti da kurfi ba. Masu 504 doguwa da a-kori-kura 404 da ke jigilar hatsi daga ƙauyuka su ma suna zuwa, kuma a kansu ne yaran suke koyon saita kwantak, mai daidaita wutar da ke zuwa fulogi, da ma'aunin tsaga, kusan milimita 0.4, da daidaita kafireta da kunne, dattijon yana zaune a benci yana ce musu su ƙara ko su rage. Abin da ya rage shi ne wayoyin wutar ginin, waɗanda har yanzu na zamanin kawu ne, da ƙaramin injin sassaƙa ƙarfe da ke lungu, wanda nake neman wanda ya san shi a Panteka ya zo ya duba kafin mu taɓa shi.